Butar Hanci da Tsayuwar Kai: Yoga a Gaban Ciwon Wuya da Toshewar Hanci

A shagunan kayan yoga na biranen Indiya irin su Pune da Rishikesh ana sayar da wata 'yar buta mai dogon baki, ta tagulla ko ta yumɓu ko ta roba. Ana cika ta da ruwan gishiri mai ɗumi. Mutum ya sunkuya a kan baho, ya karkata kai gefe guda, ya buɗe baki yana numfashi ta nan, sannan ya ɗora bakin butar a ƙofar hancin da ke sama. Ruwan sai ya zagaya ta bayan ƙashin da ya raba hanci biyu, ya fito ta ɗaya ƙofar yana tsiyaya, ɗauke da majina da ƙura. A juya kai a yi wa ɗaya ɓangaren, a fyace a hankali. Wannan shi ake kira jala neti, kuma tun da aka nuna shi a shirin talabijin na Oprah Winfrey a 2007 butar ta cika kantunan magani na Amurka.

Ba kasafai ake tallata butar ita kaɗai ba. Masu koyar da yoga sukan haɗa ta a ƙunshi guda da sirace, da shayin citta, da tsayuwa a kan kai, da tsayuwa a kan kafaɗu, su ce wa mai ciwon wuya ko mai toshewar hanci ga magani nan na shekaru dubbai. A nan nake da ja. Abubuwan da ke cikin ƙunshin nan shekarunsu ba ɗaya ba, amfaninsu ba ɗaya ba, haɗarinsu ma ba ɗaya ba. Wanda ya fi araha da rashin armashi a ido shi ya fi aiki, wanda kuwa ya fi kyau a hoto shi ya fi kusa da jawo wa mutum nakasa.

Neti tsohon abu ne da gaske. Littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda Svatmarama ya tsara a ƙarni na 15, ya ambace shi cikin hanyoyi shida na wanke cikin jiki, waɗanda aka tanada wa mai yawan majina ko kitse kafin ya shiga horon numfashi. Sai dai a can da zare mai laushi ake yi, a zura ta hanci a zaro ta baki, kuma marubucin ya yi da'awar cewa yana kawar da cututtukan da ke daga kafaɗa zuwa sama. Shaƙar ruwa ta hanci a fitar ta baki ta zo a wani littafi na baya, Gheranda Samhita. Yanayin jikin da littafin Svatmarama ya bayyana kuwa 15 ne kacal, kusan rabinsu zama ne na mai zurfafa tunani. Ya san juya jiki kai ƙasa ƙafa sama, amma abin da yake nema da shi tsawon rai ne da tsere wa tsufa, bisa wata fahimta ta addininsa. Mura ba ta cikin lissafinsa a wannan wuri.

Al'adar ware wa kowace cuta nata yanayin jiki ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 20. A 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonavla, ya fara auna masu yoga da na'urorin asibiti. A shekarun 1930 malamin yoga Krishnamacharya yana koyar da samari a fadar sarkin Maisur, kuma masanin tarihi Mark Singleton ya nuna a littafinsa na 2010 cewa yogar wannan zamani ta ɗebi abubuwa da yawa daga motsa jikin Turawa da ke tashe a lokacin. Ɗalibin Krishnamacharya, B.K.S. Iyengar, shi ya fitar da Light on Yoga a 1966, mai yanayin jiki kusan 200 da hotuna kusan 600, da wani rataye a ƙarshe da ya jera cututtuka da abin da za a yi wa kowacce. Sau da yawa tsayuwar kai da tsayuwar kafaɗu ke buɗe jerin. Da yawa daga shawarwarin da ke yawo yau daga wannan rataye suka samo asali, ko masu yaɗa su sun sani ko ba su sani ba. Iyengar gwani ne, ya yi shekaru fiye da 70 yana taɓa jikin mutane yana gyara musu tsayuwa, kuma ban raina wannan ba. Amma jerin nasa daga ƙwarewarsa da imaninsa ya fito, ba a gwada shi a kan marasa lafiya an kwatanta da waɗanda ba su yi ba.

Mu dubi wuyan kansa. Ƙasusuwa bakwai ne ƙanana ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo biyar. Ta cikin ramukan da ke gefen ƙasusuwan nan wasu jijiyoyin jini biyu suke hawa suna shayar da bayan ƙwaƙwalwa. A tsayuwar kafaɗu, wato sarvangasana, mutum yana kwance rigingine sai ya ɗaga ƙafafu da ƙugu sama, ya tokare baya da tafukansa, haɓarsa ta danne ƙirji, wuyan ya lanƙwashe iya lanƙwasuwa, nauyin gangar jiki ya sauko kansa. A yanayin da ake kira halasana ƙafafun ma sukan wuce su sauka a bayan kai. A tsayuwar kai kuwa ƙasusuwan da aka halitta don kilo biyar su ke karɓar babban kaso na kilo sittin ko saba'in. Tun 1972 likitan ƙwaƙwalwa na Oxford, Ritchie Russell, ya yi gargaɗi a mujallar likitocin Birtaniya cewa irin wannan matsanancin lanƙwasa wuya na iya raunata jijiyoyin nan har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Abin ba ya yawan faruwa, gaskiya ne. To amma wa ake ba shawarar? Wanda wuyansa ke ciwo tun farko, wanda wataƙila ƙashinsa ya fara zaizayewa, kuma zai gwada shi kaɗai a ɗaki yana kallon waya. Makarantun Iyengar da kansu sun koma jera barguna a ƙarƙashin kafaɗu don rage wa wuya lanƙwasa, abin da ke nuna sun ga matsalar. Ga mai hawan jini ko hawan jinin ido kuwa, kifa kai ƙasa ƙarin haɗari ne, domin matsin cikin ido yana ninkawa a tsayuwar kai.

Duk da haka yoga tana da abin da take yi wa ciwon wuya, kuma an gwada. A Barlin, Andreas Michalsen da abokan aikinsa sun raba masu daɗaɗɗen ciwon wuya 77 gida biyu, suka wallafa sakamakon a 2012. Kashi ɗaya sun yi makonni tara suna zuwa ajin yoga sau ɗaya a mako, ɗaya kashin aka ba su ɗan littafin motsa jiki su yi a gida. 'Yan ajin sun fi samun sauƙi. Wani gwajin da Holger Cramer ya jagoranta a Essen da mutum 51 ya ba da irin wannan sakamako a 2013. Abin lura shi ne 'yan ajin sun samu malami mai kallon su yana gyara musu, da abokan yi, da ranar da aka tsayar, su kuwa na gida takarda kawai aka miƙa musu. Mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma motsin da aka ba su an sassauta shi daidai da mai ciwo. Abin da na fahimta daga nan shi ne wuya yana son motsi mai sauƙi a kai a kai. Tela da ya wuni a duƙe kan keken ɗinki, da direban dogon zango, da mai wuni da kai a sunkuye kan waya, tsokarsu ce ta gaji da zama wuri ɗaya. Juya kai dama da hagu sannu a hankali, mirgina kafaɗu baya, ja da haɓa ciki, durƙusawa a kan gwiwa da tafi ana gantsarewa ana ƙudundunewa tare da numfashi, sannan gashi da tawul mai ɗumi: waɗannan sun wadatar ga mafi yawan irin wannan ciwo, wanda dama yakan lafa cikin 'yan makonni. Kwanciya da ɗaure wuya da abin tallafi na tsawon lokaci su ke ƙara masa tauri.

Batun hanci ya fi ban sha'awa, domin a nan ne tsofaffin masu yoga suka yi kyakkyawan lura, a nan ne kuma magadansu suka yi kuskuren lissafi. A cikin ƙasusuwan fuska akwai koguna guda takwas, huɗu a kowane gefe, kowanne da 'yar ƙaramar ƙofa zuwa cikin hanci. Fatar cikinsu na da wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani, masu share majina zuwa ƙofar kamar tsintsiya. Kogon da ke cikin ƙashin kunci ƙofarsa tana can sama, shi ya sa ake cewa a kifa kai majina ta zubo. Amma toshewar hanci galibi kumburin fatar ciki ce da ta cika da jini, kuma kifa kai ƙara mata jini yake yi. Duk wanda ya taɓa fama da wannan ciwo ya san yadda goshi da kunci ke sara idan ya sunkuya ruku'u. Wannan kaɗai ya isa amsa.

Abin da tsofaffin masu yoga suka gani daidai shi ne ƙofofin hanci suna karɓa-karɓa: ɗaya ta buɗe ɗaya ta ɗan toshe, bayan 'yan sa'o'i su sauya. Likitan Jamus Richard Kayser ya rubuta wannan a 1895, masu yoga kuwa sun daɗe suna tokare hammata da sanda don buɗe ƙofar ɗaya gefen, kuma dabarar tana aiki na ɗan lokaci, kamar yadda kwanciya ta gefe take yi. Haka numfashin bhramari, wanda ake fitar da iska ta hanci da guna baki a rufe. A 2002 masu bincike biyu a cibiyar Karolinska ta Suwidin, Weitzberg da Lundberg, sun gano cewa gunar tana girgiza iskar kogunan har wani sinadarin iska da ake samarwa a cikinsu ya ninka sau 15 a numfashin hanci. Wannan ya nuna kogunan suna samun musayar iska. Bai kai ga nuna warkewa ba, amma abu ne marar cutarwa kuma kyauta.

Wani babban gwaji a kan magungunan gida shi ne na Paul Little na jami'ar Southampton a Ingila, wanda aka wallafa a 2016 da masu yawan fama da ciwon kogon hanci fiye da 800. Waɗanda aka koya wa wanke hanci da ruwan gishiri sun samu sauƙi matsakaici, sun kuma rage sayen magani a kanti. Sirace bai taɓuka komai ba ban da ɗan rage ciwon kai. Wannan zai yi wa da yawa daga cikinmu nauyi, domin sirace namu ne kamar yadda yake na Indiyawa. Da hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe, uwa za ta sauke tukunyar ganyen darbejiya ko na turare, ta lakuta man zafi ta jefa ciki, a lulluɓe yaro da bargo yana zufa yana tari. Daɗin da ake ji gaskiya ne, amma man zafi yana sa hanci ya ji sanyin iska ne ba tare da hanyar ta ƙara faɗi ba. Babba zai iya yi don jin daɗinsa. Ƙaramin yaro da tafasasshen ruwa a ƙarƙashin bargo, cikin duhu, ƙafa ɗaya ce tsakaninsa da ƙunar da za ta bi shi har girma, kuma ba na ganin ribar ta kai wannan kasada. Maganin fesawa na kemis shi ma idan ya wuce mako guda ana amfani da shi, sai hancin ya koma toshewa fiye da da.

Ita butar da ta yi nasara tana da sharaɗi guda mai tsanani, wato ruwan da aka zuba mata. A 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo mai ɗauke da wata ƙwayar halitta, Naegleria fowleri. Shan ta ba ya cutarwa, amma idan ta kai can ƙuryar hanci takan bi jijiyar sansana ta shiga ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tsira. A Karaci ta Pakistan likitoci sun danganta mace-mace irin wannan da shaƙar ruwan da ba a sa masa isasshen maganin kashe ƙwayoyi ba. Cutar ba ta da yawa, amma ga mai ɗiban ruwa daga rijiya ko tanki ko wajen 'yan garuwa, ƙa'idar ba ta da sassauci: a tafasa ruwan aƙalla minti ɗaya, a bar shi ya huce, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, a wanke butar a shanya ta bayan kowane amfani.

Wasu za su tambayi hukuncin yoga ga Musulmi, kuma tambayar tana kan hanya, tunda asalinta a addinan Indiya yake. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana ta a 2008 saboda karance-karancen bauta da ke tattare da ita, Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Wannan fage na malamai ne. Abin da zan iya cewa shi ne sassan da gwaji ya nuna suna da amfani, ruwan gishiri da motsa wuya a hankali, ba su buƙatar wani karatu ko wata bauta.

Akwai kuma abin da littafin da aka rubuta a Pune ko Landan ba zai sa a gaba ba, alhali a ƙasar Hausa shi ne kan gaba. Muna zaune a tsakiyar yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Sanagal zuwa Habasha, kuma lokacinsa shi ne lokacin ƙura da zafi, daidai lokacin da kowa ke kukan mura. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, a 2017 kuma fiye da 1,000, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Wuyan da ya ƙage tare da zazzaɓi, da matsanancin ciwon kai, da amai ko ƙin haske ko ruɗewa, yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka ciwon wuya bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko wanda ke tafe da mutuwar hannu ko jiri, ko toshewar hanci da ta kumbura kewayen ido. Don Allah, mai karatu, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinka ko a jikin ɗanka, kada ka tsaya ɗora tukunya ko shimfiɗa tabarma, ku kama hanyar asibiti a wannan sa'ar.