Alhaki ko rabon asara? Sharhi a kan matanin CDI na 2006 daga bakin Komadugu

A wannan ɗan sharhi za mu duba matanin da Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya (CDI) ta amince da shi a 2006, mai taken «principes sur la répartition des pertes en cas de dommage transfrontière découlant d'activités dangereuses». Mu ba masana shari'a ba ne; kalmomin matanin kawai za mu auna. Ma'auninmu kuwa shi ne dabarar dusashe hasken rana, wato fesa ƙurar farar wuta can ƙololuwar sama domin a rage zafin duniya, kamar yadda aman dutsen Pinatubo na 1991 ya rage shi da kusan rabin digiri.

Me ya haɗa Difa da wannan batu? A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa a Ingila sun nuna, ta hanyar lissafin kwamfuta, cewa idan aka yi feshin a arewacin duniya kaɗai, damina za ta ja baya a Sahel. Idan aka yi shi a kudu, za ta ƙaru. Sun kuma lura cewa aman dutsen Katmai na 1912 da na El Chichón na 1982 sun gabaci fari mai tsanani. Mu a nan mun san shekarun da sunansu: Kakalaba da El Buhari.

Abu na farko shi ne taken kansa. Hukumar ta fara aikin ne a ƙarƙashin kalmar «responsabilité», ta kammala shi da «répartition des pertes», rabon asara. Ingilishi yana da kalma biyu a inda Faransanci yake da ɗaya, don haka mai karatu da Faransanci ba ya saurin gane ko ana zancen wanda ya karya doka ne ko wanda ya jawo ɓarna ba tare da karya ta ba. Hausa ba ta da wannan ruɗani. Akwai laifi, akwai alhaki, akwai diyya. Idan shanu suka shiga gonar tattasai a Gueskérou, ba a tambayar makiyayi ko da gangan ne kafin a ƙiyasta ɓarna. Yana iya fita daga laifi, amma diyya tana kansa. To amma «rabon asara» a kunnen Bahaushe magana ce ta abokan kasuwanci, waɗanda suka ci riba tare. Manomin Difa bai shiga jarin kowa ba.

Dole mu yaba wa matanin a wuri guda: ya ɗora biyan diyya a kan «exploitant» ba tare da neman a tabbatar da sakacinsa ba. Wannan ya yi daidai da hukuncin gonar da muka kawo. Matsalar ita ce nahawun da ke ƙarƙashinsa. Matanin ya ginu ne a kan jimla mai aikatau so-karɓau, da aikau sananne: wane ya ɓata gonar wane. Haka shari'ar masana'antar narkar da ma'adinai ta Trail ta kasance tsakanin Amurka da Kanada a 1941: ga bututun hayaƙi, ga gonakin da suka ƙone. Fari kuwa da aikatau ƙi-karɓau yake zuwa: damina ta ɓaci, kogi ya janye. Iyakar abin da masanin yanayi zai iya cewa shi ne feshin ya ƙara yiwuwar fari, alhali matanin yana neman «dommage significatif» da za a iya dangantawa da wani aiki takamaimai.

Kwarin Komadugu ya daɗe da sanin wannan giɓi (kalmar ma «kogi» take nufi da Barbarci). Ruwan da ke bi ta Difa har Bosso daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake fitowa. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, duka a jihar Kano. Tsakaninsu, a 1990, Nijar da Najeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri ta rabon ruwa. Duk da haka, idan ruwa ya makara, ko ya yi ambaliya kamar a 2019, ana iya cewa madatsa ce, ana iya cewa damina ce, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Nan fa ana zancen siminti ne da ake gani da ido, a ƙasa maƙwabciya. Ina ga ƙurar da jirgi ya zuba kilomita ashirin sama da kanmu?

Sauran matanan ba su cike giɓin ba. Yarjejeniyar ENMOD, da ta fara aiki a 1978, sarrafa yanayi don yaƙi ko ƙiyayya kawai ta hana. Matsayar taron Nagoya na 2010 kira ce ba tilas ba, kamar dai matanin 2006 ɗin kansa. A taron muhalli na Nairobi na 2024 ƙasashen Afirka sun nemi a hana amfani da dabarar, Suwizalan ta janye ƙudurinta, aka tashi ba matsaya.

Shawararmu ga ɗalibai masu aikin fassara a wannan sashe ita ce kada su fassara «responsabilité» da kalma ɗaya ko'ina. A matanin 2001 kan aikin da ya saɓa doka, «laifi» ya dace. A na 2006, «alhakin biyan diyya». «Répartition des pertes» kuwa a bar shi «rabon asara» yadda yake, da ɗan bayani a ƙasan shafi.