A Bar Yaro Ya Ba Da Dariya Irin Ta Yara

Gajerun bidiyon barkwanci da ake sa yara a ciki sun cika wayoyi daga Kano har Damagaram, suna kuma isa Tanut da Belbeji ta WhatsApp da katin memori. Da yawansu salonsu ɗaya: a samu yaro ɗan shekara shida, a haddace masa habaicin kishiya ko baƙar magana ga dattijo, a ce an yi abin dariya. A ganina an bar hanya mafi kyau, wadda aka share tun kafin fim ya iya magana. A 1895 ƴan'uwan Lumière na Faransa suka ɗauki wani ɗan fim da bai kai minti ɗaya ba: mai lambu yana ban-ruwa, yaro ya lallaɓo ya take tiyo, ruwa ya ɗauke, mutumin ya leƙa bakin tiyon, sai yaron ya ɗage ƙafa. Ba a furta kalma ko ɗaya ba, kuma har yau wanda ya gani sai ya dara. Daga 1922 Hal Roach a Amurka ya gina jerin Our Gang a kan ƙiriniyar yara kamar yadda take. Damergu, inda Tanut da Belbeji suke, ta fi ko'ina buƙatar wannan salo, domin ranar kasuwa Bahaushe da Buzu da Bafillace da Babarbare kan taru a kan waya ɗaya, kuma ko da Hausa ce harshen ciniki, habaici mai zurfi ba kowa ke kama shi ba.

Za a ce raha ta Bahaushe a baki take, ga wasan taubasai, ga na jika da kaka. Haka ne, amma waɗannan suna da ƙa'ida: an san wa zai faɗa wa wa, kuma ido da ido. Bidiyo yana cire maganar daga wannan ƙa'ida, ya miƙa ta ga dubban yaran da za su maimaita ta ga iyayensu. Sannan wasa da jiki ba baƙonmu ba ne. A dubi tashe cikin azumi: yaro ya manna gemun auduga, ya duƙa kan sanda yana rawar gwiwa, gida ya ɓarke da dariya tun bai buɗe baki ba.

Suka mafi nauyi ita ce wancan zamanin na fim maras magana ma ya ci da gumin yara, kuma ban musa ba. Jackie Coogan, wanda ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid a 1921, ya girma ya tarar an cinye dukiyarsa, har ya kai mahaifiyarsa da mijinta kotu a 1938, sai a 1939 jihar Kalifoniya ta yi dokar ajiye wa yaro wani kaso na abin da ya samu. Wannan ma darasi ne da ya shafe mu kai tsaye, domin yaron da ke tara wa shafin wani mabiya a TikTok ba shi ke riƙe da wayar ba, balle asusun da kuɗin ke shiga.