Hasashen 'Yan Kallo Game da Tauraron da Bai Fito Ba: Daga Labarin Kimiyya Zuwa Wasan Kwaikwayon Hausa a Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba fara aikinsu bayan marubuci ya gama nasa. Sai littafi ya fito ko wasa ya ƙare sannan a zauna a fitar da jigo, a bi zubi da tsari, a auna salo, a jera taurari. Amma akwai maganar da ake yi tun kafin wasa ya fito, wato hasashen da 'yan kallo kan yi game da wani tauraro: wane ne shi, me zai aikata, kuma wa zai fito a matsayinsa. Wannan muƙala za ta dubi irin wannan hasashe a matsayin wani nau'i na sharhin baka. Inda al'adar ta fi ƙarfi shi ne tsakanin masu bin labaran kimiyya na talabijin a ƙasashen Turai, saboda haka da can za a fara, sannan a dawo ga abin da ya fi kusa da ita a wasannin Hausa kamar yadda ake tattauna su a garin Gombe. Abin da ake son nunawa shi ne, tambayar da ɗan kallo ke yi kafin ya ga tauraro ita ke bayyana abin da ya ɗauka shi ne tauraro.

Tun daga nan ma akwai matsalar kalma. A azuzuwan nazarin adabi, tauraro shi ne mutumin cikin labari, kamar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja. A bakin 'yan jarida da 'yan kallo kuwa, tauraro shi ne fitaccen ɗan wasa mai jini da tsoka. Haka kalmar jarumi take ɗauke da ma'anonin biyu. A wannan muƙala, tauraro na nufin mutumin cikin labari, ɗan wasa kuma wanda ya ari bakinsa. Sai dai, kamar yadda za a gani, haɗuwar ma'anonin a kalma ɗaya tana da tushe a tarihin wasan kwaikwayon Hausa.

2.0 Likitan da ke sauya fuska

A watan Nuwamba na 1963 gidan talabijin na BBC ya fara nuna wani wasa mai suna Doctor Who, labarin wani baƙo daga wata duniya da ake kira Likita, wanda ke yawo tsakanin zamunna. Da rashin lafiya ya hana William Hartnell ci gaba da fitowa a matsayin Likitan a 1966, marubutan ba su kashe tauraron ba. Sun kafa wata ƙa'ida a cikin labarin cewa jinsin su Likita, idan jiki ya gaji, yakan sabunta ya fito da wata kama. Da haka Patrick Troughton ya karɓi matsayin, aka ci gaba. Daga baya wannan ƙa'ida ta zama babbar hanyar hasashe, domin duk lokacin da wani ɗan wasa zai sauka, jama'a kan shafe watanni suna kintatar wanda zai hau, har gidajen caca na Ingila su karɓi kuɗi a kai. An yi haka kafin a bayyana Jodie Whittaker a watan Yuli na 2017, mace ta farko da aka ba jagorancin wasan, an kuma yi kafin a bayyana Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, a watan Mayu na 2022.

Abin lura a nan shi ne, mai hasashe a irin wannan labari yana kafa hujja ne da dokokin duniyar da aka ƙaga masa. Yakan ce tunda an nuna cewa abu kaza na yiwuwa a kashi na kaza, to abu kaza ma zai yiwu. Hasashensa ya fi kama da lissafi. Fuskar ɗan wasa ba ta dame shi ƙwarai ba, tunda labarin da kansa ya riga ya raba tauraro da fuska.

3.0 Gadon Samanja

A wasannin talabijin na Hausa na farko, abin ya bi wata hanya daban. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya rayu jama'a na kiransa Samanja, mutane da yawa ma ba su san sunansa na yanka ba. Haka aka yi wa Ƙarkuzu a Jos, haka kuma aka yi wa Rabilu Musa, wanda har ya rasu a 2014 Ibro ake ce masa. A nan tauraro da ɗan wasa sun narke sun zama abu guda. Bugu da ƙari, kowane kashi na waɗannan wasanni cikakken labari ne da ke farawa ya ƙare a zama ɗaya, kuma halin tauraron ba ya motsi. Yadda mai sauraron tatsuniya ya san Gizo zai yi wayo kafin a ce ga ta nan ga ta nanku, haka ɗan kallo ya san Samanja zai yi tsawa da gurɓatacciyar Hausar bariki. Ba abin da za a hasasa, domin hali zanen dutse ne.

Hasashe ya samu gurbi ne bayan da wasanni masu dogon zango suka kafu, musamman bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, wadda ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. Irin waɗannan wasanni sukan yanke labari a daidai inda ya yi daɗi, su bar mako guda tsakanin kashi da kashi, da watanni tsakanin zango da zango. A cikin wannan rata ce hasashe ke rayuwa.

4.0 Batun Sumayya

Misali mafi bayyana shi ne na Labarina, wasan da Aminu Saira ya fara fitarwa a 2020. Tauraruwarsa ita ce Sumayya, budurwa 'yar gidan talakawa wadda neman aurenta da rikicin gidansu suka riƙe labarin, kuma Nafisa Abdullahi ce ta fito a matsayinta. A 2021 Nafisa ta sanar da cewa ta bar wasan, alhali labarin Sumayya bai ƙare ba. Ke nan marubuta na da hanyoyi uku a gabansu: su kashe ta, su ɓatar da ita daga idon 'yan kallo, ko su ɗora wata 'yar wasa a gurbinta. Daga ƙarshe Fati Washa aka ba matsayin. Amma tsakanin sanarwar da fitowar sabuwar fuskar, jama'a sun yi ta magana, kuma wannan maganar ce abin nazari.

Gombe wuri ne da ya dace da sauraron irin wannan magana. Gari ne na Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja da sauransu, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da na majalisa, musamman tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 ya cika da baƙi. Ba a yin waɗannan wasanni a cikinsa, daga Kano suke zuwa, saboda haka galibi ɗan kallon Gombe ba shi da wani ɗan'uwa a masana'antar da zai tsegunta masa abin da aka shirya. Abin da ke hannunsa shi ne abin da ya gani da abin da ya saba. A majalisun dare na Jekadafari da Tudun Wada da Pantami da Bolari, a teburin mai shayi, da shagunan masu tura finafinai a waya, nan ake baje kolin hujjoji.

Idan aka saurari hujjojin, za a ga kusan dukkansu suna komawa ga abu biyu. Na farko shi ne hali da sakamakonsa. Mai cewa ba za a kashe Sumayya ba, dalilinsa shi ne ta sha wuya, kuma ba a barin mai haƙuri ya mutu bai dafa dutse ya sha romonsa ba. Wato yana auna ta ne da ma'aunin da Kirk-Greene ya bayyana a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, inda ya jera siffofi goma, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Wanda ya cika waɗannan siffofi, a ganin ɗan kallo, labari na riƙe da bashinsa, kuma dole a biya shi kafin a rufe. Na biyu shi ne fuska. Tambayar da ta fi yawo ita ce wace 'yar wasa za ta iya, kuma a nan ana haɗa kamanni da murya da irin matsayin da aka saba ganin kowace a ciki, har ma da abin da ake ji game da rayuwarta a waje. Wasu kuwa cewa suke yi gara a kashe tauraruwar da a sa mata wata fuska. Wannan ra'ayi shi ne gadon Samanja a fili: Sumayya ba ta da rai sai a jikin wadda aka fara gani.

Ta fuskar harshe ma akwai abin dubawa. Hausa na da kalmomi da dama a wannan fage, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Hasashe da kintace suna da mutunci, domin ana ganin an gina su kan alama. Kirdado ya fi su rauni. Shaci-faɗi kuwa zagi ne, shi ake jifan abokin gardama da shi. Sannan mai magana yakan nuna ƙarfin imaninsa ta hanyar lokacin aikatau. Wanda ya tabbata yakan ɗauki lokaci mai zuwa na ɗaya ya haɗa da rantsuwa, ya ce wallahi za ta dawo. Mai taka-tsantsan yakan sa ƙila ko mai yiwuwa a gaba. Dattijon da ba ya son a kama shi da magana kuwa yakan fake da lokaci mai zuwa na biyu, ya ce ma gani. Ga kuma tsoron da addini ya sa a zukata game da zato, wanda aka ce zunubi ne ko da ya zama gaskiya, shi ya sa sau da yawa akan rufe hasashe da Allahu a'alamu, ko da kuwa a kan mutumin da babu shi ake magana.

Hatsarin wannan al'ada yana kan marubuci. Da yake ana rubuta irin waɗannan wasanni ana ɗauka zango-zango, maganar jama'a takan isa kunnen masu shiryawa kafin su rufe labari. Marubucin da ya bi son 'yan kallo ya mayar da labarinsa abin jefa ƙuri'a. Wanda kuma ya ga an gano inda ya dosa, ya karkata don kawai ya kunyata masu hasashe, nasa laifin ya fi girma, domin yakan tilasta wa tauraro aikata abin da bai dace da halin da aka gina masa ba. Hasashen da ya dace da abin da ya faru shaida ce cewa an gina labarin bisa tsari, bai kamata marubuci ya ɗauke shi a matsayin kaye ba.

5.0 Idan tauraron ba mutum ba ne

Saura tambayar yadda wannan ɗan kallo zai yi da tauraron labarin kimiyya. Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan jira da Iwájú, wasan zane da kamfanin Disney da na Kugali suka sanar a watan Disamba na 2020, bai fito ba sai watan Fabrairu na 2024. Kashi shida ne, an gina shi kan Legas ta nan gaba, kuma cikin taurarinsa akwai Otin, wani ƙadangaren ƙarfe mai gadin yarinyar da ake kira Tola. Tun a wannan jimla Hausa ta nuna halinta, domin ba ta da wakilin suna na abin da ba namiji ba ba mace ba. Duk wanda zai yi hasashe da Hausa kan na'ura ko baƙon wata duniya, dole ya zaɓi zai ko za ta kafin ya ƙarasa magana, ya yanke hukuncin da wataƙila marubucin ya so ya ɓoye.

A rubutaccen adabin Hausa, abin da aka fi ambata a wannan fanni shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. A cikinsa wani baƙo daga sama, Ƙolin-Ƙoliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Matsalar irin wannan tauraro ita ce Bahaushe na da gurbin da ya tanada tun tuni don duk wani mai zuwa daga inda ba a sani ba, wato gurbin aljani. Da zarar an sa shi a nan, hasashe ya mutu, domin aljani ba shi da ƙa'idar da za a kama shi da ita, yana iya yin komai a kowane lokaci, kamar yadda ake gani a Gandoki da sauran labaran jarunta. Ma'aunin mutumin kirki ma ba ya aiki sosai a kansa, tunda ba a san irin kunya ko ladabin duniyarsu ba.

Saboda haka duk mai shirin ɗora irin Ƙolin-Ƙoliyo a talabijin yana da aikin da marubutan Labarina ba su yi ba. Sai ya bayyana wa ɗan kallo tun a kashi na farko abin da tauraron ke iyawa da abin da ba ya iyawa, da dalilin hakan, ya kuma tsaya a kai har ƙarshe, don majalisa ta sami abin da za ta yi lissafi da shi. Sannan sai ya yanke shawara kan fuska. Idan ya ba fitaccen ɗan wasa matsayin, 'yan kallo za su shigo da duk abin da suka sani game da ɗan wasan, baƙon ya zama ɗan gida tun bai sauko ba. Idan kuma ya rufe fuskar da ƙarfe ko fenti, to ya ɗauke wa majalisun Jekadafari da Bolari ɗaya daga cikin hujjoji biyun da suka saba gardama da su.