Rufin Asiri Ko Rufa-rufa: Tsokaci a Kan Dokar Bayar da Kwangila ta 2007

Akwai wata kwalbati a bakin unguwarmu da aka fara ginawa ina aji biyu na sakandare, na kuma gama jami'a ba a rufe samanta ba. Allon da aka kafa a gefenta yana ɗauke da sunan ma'aikatar tarayya da ta ba da aikin, da sunan kamfanin da ya karɓa, amma babu kuɗin aikin, babu wa'adinsa. Ranar da muka je ofishin da abin ya shafa muka tambaya, jami'in ya ce da mu cikin ladabi, "Ku yi haƙuri samari, wannan sirrin ɗan kwangila ne." Muka yi godiya muka fito. Wannan kalma, sirri, ita ta sa na zauna na karanta Dokar Bayar da Kwangila ta 2007 kamar yadda ɗalibin adabi ke karanta littafi, ina lura da abin da ta faɗa da abin da ta yi shiru a kansa.

Adalci shi ne in fara da yabo. Dokar, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2007, ta gaji ofishin bin ƙa'ida da gwamnatin Obasanjo ta kafa, ta kuma samar da hukumar BPP. Tsarinta a fili yake: a tallata aiki a jaridu, kowane mai nema ya kawo tayinsa a rufe cikin ambulan, a buɗe a bainar jama'a, a karanta suna da farashi, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da tayi mafi sauƙi. Ta ce a gayyato masu sa ido biyu daga wajen gwamnati su shaida. A nan sirri yana da amfani. Idan na san tayin abokin takarata kafin a rufe akwati, sai in rage naira ɗaya in kayar da shi, ko mu haɗa baki mu yi kashe-mu-raba. Haka kuma wanda ya miƙa takardun bankinsa da shaidar biyan haraji da lissafin kamfaninsa ya ba da amana ne. Ƙaramin ɗan kwangila da ya jinginar da gidansa domin ya sayi motar kwaɓa siminti bai cancanci a baje bashinsa a kasuwa ba.

Sai dai Bahaushe yana da rauni a kan wannan kalma. Babbar addu'arsa ita ce Allah ya rufa asiri, kuma tun yana yaro ake koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi ya sa jami'in nan ya sallame mu da jimla ɗaya, muka ji kamar mu ne marasa kunya. Amma harshen da ya ba mu rufin asiri shi ne ya ba mu rufa-rufa, kuma ba ya rikita su. Na farko sutura ce ga mai rauni, na biyu bargo ne a kan ɓarna. Abin da nake tuhumar dokar da shi shi ne ba ta ja layi mai kauri tsakaninsu ba.

Da farko, ta ce takardun kwangila a buɗe suke ga duk mai son gani idan ya biya kuɗin kwafi, amma ban da waɗanda aka sanya wa hatimin sirri. Ƙofa ce aka buɗe, aka bar mabuɗi a aljihun mai gadi. Ba ta jero ƙarara a wuri guda ba cewa wannan bayani na ɗan kwangila ne har abada, wancan kuwa sirrinsa ya ƙare ranar da aka yage ambulan. A ganina rabon mai sauƙi ne. Abin da ke cikin asusunsa da ribar da ya ƙiyasta nasa ne. Kuɗin da aka sallama masa aiki a kai, da wa'adi, da kuɗin kafin alƙalami, da duk ƙarin da aka yi daga baya, na mai baitulmali ne, wato talaka.

Na biyu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta zo da irin wannan giɓi. Sashe na 15 ya hana fitar da sirrin kasuwanci da bayanan kuɗin da aka karɓa daga wani idan fitarwar za ta cutar da shi, amma sashen bai ƙare ba sai da ya fifita maslahar jama'a inda ta rinjayi cutarwar. Jami'i kan haddace farkon sashen ya manta ƙarshensa, kamar mai karanta rabin jimla ya rufe littafi.

Na uku, sunan mai kamfani ba bayanin kuɗi ba ne. Dokar 2007 ta tilasta mai neman kwangila ya yi rantsuwa a rubuce kan ko wani jami'in ma'aikatar yana da hannun jari a kamfaninsa, amma rantsuwar tana kwana a fayil ɗin ma'aikatar da ake zargi. Sai a 2020 sabuwar dokar kamfanoni ta wajabta bayyana masu iko na haƙiƙa. Ko majalisar ƙoli da dokar ta ce a kafa domin sa ido, an shafe fiye da shekara goma ba a kafa ta ba, Majalisar Zartarwa ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli.

Za a iya cewa fallasa farashi zai kori 'yan kasuwa. Ƙasar Yukiren ta gwada: tun 2016 tsarinta na ProZorro yake ɓoye masu tayi yayin takara, ya baje takardu da zarar an kammala, kuma ba a rasa masu neman aiki ba. Ashe sirri ba a kashe shi, wa'adi ake yanka masa.

Abin da nake kira a yi ƙarami ne. A gyara dokar ta rarrabe bayanan nan biyu da suna, a kuma wajabta rubuta kuɗi da wa'adi a kan kowane allon aiki. Da an yi haka tun farko, da ba mu je ofis ba, da tsohuwar da ke tattare zanenta tana ratsa ruwan kwalbatin nan duk damina ta sa jikanta ya karanta mata nawa aka biya da sunanta.