Gaisuwar Kan Takarda Ba Ɓarnar Tawada Ba Ce

Akwai ƙorafin da wasu masu binciken tarihi ke yi a kan wasiƙun Daular Usmaniyya da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Arewa House, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wai duk kanwar ja ce: bisimilla, salati, doguwar gaisuwa, sai layi uku na magana. Galibi babu kwanan wata, kuma hannun magatakarda ne, ba na sarki ba. Saboda haka sai su tsallake kan takardar, su faɗa wa abin da ke bayan "amma ba'adu", su tsinci sunan gari ko adadin dawaki su wuce. A ganina sun bar nama sun kama romo.

Daular nan da takarda aka tafiyar da ita. Muhammadu Bello ya adana musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno a cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Gidan Waziri Gidado ɗan Laima ya zama ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, takardunsu ta nan suke bi. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda wani Bature mai suna Backwell ya fassara ya buga a 1927. Wani masani, Bivar, ya yi nazarin tsarin irin waɗannan wasiƙu da hatimansu a 1959, Murray Last kuma ya jingina da su sosai a littafinsa na 1967.

To, ɗauki guda ɗaya ka duba. Falle ɗaya ce. In ka ɗaga ta wajen haske za ka ga alamar wata uku, shaidar cewa daga Italiya ta fito, ta ratso Tarabulus da hamada a bayan raƙumi. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, kana ganin inda alƙalami ya bushe aka sake tsoma shi. Takarda mai wannan tsada, wa zai ɓata rabinta a kan gaisuwar banza? A nan ne ake auna kowa. In na ƙasa ne ke rubuta wa na sama, sai ya ƙanƙantar da kansa, ya jero wa wancan laƙabi da addu'a har layi ya cika. In na sama ne, gaisuwar takan gajarta, hatimi ya yi sauran aikin. Kiran mutum ɗan'uwa daban, kiransa shugaba daban, kiransa masoyi daban. Magatakarda ya san nauyin kowanne kamar yadda bafade ya san inda zai tuɓe takalmi da inda zai zube. Ka jera wasiƙu biyar daga fada ɗaya zuwa ga Waziri ɗaya, ka lura da ranar da wani laƙabi ya faɗi: ranar ce zumunci ya fara tsami, ko da cikin takardar zancen kyautar riguna ne kawai.

Batun rashin kwanan wata ba ya tayar mini da hankali. Takarda ba ta tafiya ita kaɗai, manzo ne ke riƙe da ita, shi ya san ranar da ya taso, kuma sauran bayani yana bakinsa. Zancen hannun magatakarda ma haka ne: ai shi ne marubucin, kuma salonsa nake nema.

Misalin da ya fi kama ni shi ne takardar da Gwamna Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ya riƙe hujjar yaƙi. A fassarar da aka buga babu sunan mai aikowa, babu na wanda aka aika wa, babu gaisuwa. Ga wanda ya saba da waɗannan wasiƙu, wannan ramin ya fi duk kalmomin da suka biyo baya ƙara. Wani marubuci, Muffett, ya yi shakkar ingancinta a 1964, kuma asalin Larabcinta bai bayyana ba. Da za a same shi, kan takardar da hatiminta ne za su raba gardama, wato daidai wurin da masu ƙorafi ke tsallakewa.

Inda na dosa shi ne, wannan salo bai mutu a 1903 ba, Hausa ya koma. Wasiƙar da kakanninmu ke sa malamin zaure ya rubuta wa ɗa a Kumasi ko a Kurmi, mai farawa da cewa takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, da gaisuwa da so da yarda da aminci, sannan "bayan haka", jikar wasiƙar fada ce, ƙashi da tsoka. Sassan Hausa na jami'o'inmu kan ɗauko tarihin zube daga gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki, su bar wa sashen tarihi da na Larabci waɗannan takardu. Ni kuwa ina so a kai ɗaliban adabi Kaduna, a zaunar da su gaban akwatin wasiƙun Sakkwato, a ce su karanta layi huɗu na farko kaɗai, su faɗi wa ke sama da wa.