Wa ake yi wa dariya a Ruwan Bagaja?

Ɗalibin da ya yi makarantar Faransanci, a Malanbil ko Maraɗi, in ya karanta Candide na Voltaire (1759) zai tarar da sarakuna biyu sun gwabza yaƙi, gawarwaki barjat, amma kowane sansani yana waƙar godiya ga Allah. Ba a sha wahala wajen gane cewa gatse ne, kuma sarakunan ake nufi.

Sai dai wannan ɗalibi, in ya ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1934), sau da yawa raha kawai yake gani. Ku tuna karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Alhaji, wanda bai yi karatu ba, ya zana wata lanƙwasa a ƙasa. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen baƙaƙe, Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne. Jama'a suka bi maƙaryacin, suka kori mai karatun.

Wasu kan ɗauka malamai Imam ya zolaya. A'a, ƴan kallon ya soka, waɗanda ba su iya tantance ilimi da rawani. Marubucin kansa ɗan gidan malamai ne, ya san ciwon abin.

Don haka, kafin mu ce littafi ya taɓa addini ko ya raina mazajen fama, mu duba inda kibiyar ta sauka. Yau ma masu zana jinjirin wata suna nan a wayoyinmu, kuma mu ne taron.