Ƙaunar Allah ba gudummawar biki ba ce: nazari a kan littafin Nygren

Anders Nygren, masanin tauhidi ɗan ƙasar Suwidin wanda daga baya ya zama bishop na Lund, ya fitar da littafinsa "Agape da Eros" kashi biyu, a 1930 da 1936. Da waɗannan kalmomi biyu na Helenanci ya raba ƙauna gida biyu. Eros tana neman abin da ke da daraja domin ta mallake shi. Agape kuwa, ƙaunar Allah, ba ta duba cancanta, ita ce ma take ba mutum daraja.

Mu da muke hidima a ƙauyukan Gaya da Ajingi muna bukatar wannan gyara. Zamanmu duka a kan ramuwa yake. Wanda ya zo maka gayya ranar noman gero, dole ka je tasa. Gudummawar biki bashi ce, har rubuta ta ake yi. Wannan kyakkyawar al'ada ce, amma sau da yawa muna hawa bagade da ita, mu ce wa masu bi, "Ka ba Allah, shi ma ya ba ka." Sai gwauruwar da gonarta ba ta yi ba ta ji kunyar zuwa godiyar kaka hannu wofi, ta zauna a gida tana zaton Allah ya juya mata baya. Romawa 5:8 ta rushe wannan lissafi, gama Almasihu ya mutu dominmu tun ba mu tuba ba. A Luka 14 kuma Yesu ya umarta a gayyaci waɗanda ba za su iya ramawa ba. A nan Nygren ya yi daidai.

Amma ya wuce gona da iri. Don gudun kada a ce mutum ya saye Allah, sai ya yi shakkar ko da marmarin da zuciya take yi wa Allah, har ya zargi Agustin da gauraya agape da eros. Ya mai da mai bi kamar bututun da ruwa ke bi ya wuce. To, ina za mu kai ƙishin mai Zabura ta 42? A Yahaya 21 ma, sau uku Yesu ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa. Uban da ya rungumi ɗansa ɓatacce bai gindaya masa sharaɗi ba, duk da haka yana so yaron ya zauna a gida a matsayin ɗa.

Saboda haka mu karanta littafin da lura. Mu koyar cewa biyayya da baiko amsa ce ga ƙaunar da ta riga ta same mu, ba farashinta ba. Kafin godiyar kaka ta bana, kowane fasto ya zauna da dattawan ikilisiya su tambayi kansu: wa ya daina zuwa sujada don ba shi da abin kawowa? Gidansa za mu fara zuwa.